In Ɓera da Sata, Daddawa ma da Wari

Sau da yawa idan mutum ya kasa sarrafa kwamfuta ko wayar hannu, sai ka ji ana yi masa dariya, ana ce masa baƙauye. Ni kuwa a ganina ba kullum ne laifin yake wuyansa ba. Akwai wani fannin ilmi da ke nazarin yadda ɗan Adam yake hulɗa da kwamfuta. Babban darasinsa shi ne, in mutane da yawa suna tuntuɓe a wuri guda, to, hanyar ce ke son gyara.

Ga misali. Ran 28 ga Maris, 1979, a tashar lantarki ta nukiliya da ke Three Mile Island a Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya injin ya yi ta zurarewa. A allon ma'aikata akwai wata 'yar fitila. Da ta mutu, sai suka ɗauka bawul ya rufe. Ashe abin da fitilar ke nunawa kawai shi ne an ba shi umarnin rufewa, ba wai ya rufe ba! Sai bayan fiye da awa 2 aka toshe ruwan, kuma wani sashe na cikin injin ya narke. Shin waɗannan ma'aikata jahilai ne? Ko kusa. Allon ne ya ruɗe su.

Dubi kuma injin cirar kuɗi na banki. Da yawa daga cikinsu sai sun maido maka da katinka kafin su ba ka kuɗi. Me ya sa? Domin maƙeransu sun lura cewa da zarar kuɗi sun shiga hannu, mutum yakan juya ya manta da kati. Maimakon su yi masa faɗa, sai suka sauya tsarin.

Wani zai ce ai mai amfani da na'ura shi ma ya kamata ya koya. Gaskiya ne. Amma gyara allo guda ya fi sauƙi bisa ga gyara halin mutum dubu.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu burin ƙirƙiro manhaja, in kun gama aikinku ku miƙa wa kakarku, ku koma gefe ku yi shiru. Duk inda ta tsaya tana neman taimako, nan ne aikinku bai ƙare ba.