Kafin ku kawo mana na'ura, ku nuna mana mai gyaranta

A makarantar da nake koyarwa kusa da sansanin Um Rakuba, a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, muna da tabarau guda ɗaya na kallon duniyar kwamfuta, ƙirar Oculus Go. Wata ma'aikaciyar agaji ce ta bar mana shi da za ta koma ƙasarsu. Idan yaro ya ɗaura shi a fuska, sai ya ga kansa a ƙarƙashin teku ko a tsakiyar taurari. Yaranmu "tabaran aljanu" suke ce masa. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na hafir ba, ga shi yana miƙa hannu zai taɓa kifi. Wallahi a kwalejin horar da malamai babu wanda ya koya mini darasin da ya kai wannan shiga kai.

To amma tabaran ya tsufa. An fito da irinsa a shekarar 2018, aka daina sayar da shi a 2020. Batirinsa da a da yake kai wa kamar awa 2, yanzu da ƙyar yake ɗaukar rabin darasi. A nan zafi yana haura digiri 40 a watan Afrilu, batirin lithiyam kuwa ba ya shiri da zafi, kumbura yake yi. Soson da ke taɓa fuska ya sha gumin yara har ya ruɓe, sai wani tela ya ɗinka mana wani da yadin auduga mai wankuwa. Laifina ma yana ciki: wata rana na ajiye shi kusa da taga, rana ta ratsa gilasan, ta ƙona wani ɗan wuri a allon ciki. Gilasan nan tattara haske suke yi kamar madubin ƙara girma. Tun daga ranar, cikin kwali yake kwana, a inuwa, kuma da busasshen ƙyalle mai laushi kaɗai muke goge shi.

Da ramin cajinsa ya lalace, na kai shi kasuwar Gadarif wurin wani mai gyaran waya. Bai taɓa ganin irinsa ba. Ya juya shi, ya buɗe, ya ce, "Ustaz, ai wannan waya ce aka yi wa rawani." Gaskiyarsa kuwa, cikinsa kayan waya ne. Ya ciro ramin caji daga wata matacciyar waya ya dasa, aiki ya tashi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san wani zai ce, a wurin da aka sake buɗe sansani a Nuwamban 2020 saboda masu gudun yaƙin Tigray, a ƙasar da ita kanta ta faɗa yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023, wa ke ta tabarau? Ruwa da abinci ne gaba, ban musa ba. Sai dai hujjar tasa ma tana bayana. Wanda ba shi da halin sayen sabo shi ya fi kowa buƙatar abin hannunsa ya daɗe.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi fim ɗin Clouds Over Sidra a sansanin Za'atari na ƙasar Jodan, don manyan masu kuɗi su saka irin wannan tabarau su ga rayuwar 'yan gudun hijira. Madalla. To idan na'urar ta isa ta nuna wa duniya sansani, ai ta isa ta nuna wa yaran sansani duniya, kuma ta ci gaba da aiki bayan baƙi sun tafi.

Hanyar ma a buɗe take. A 2021 kamfanin ya saki manhajar da ke buɗe Oculus Go don mai shi ya sarrafa shi yadda yake so. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 cewa daga 2027 yawancin ƙananan na'urori su zo da batirin da mai amfani zai iya cirewa ya canza.

Roƙona ga ƙungiyoyin agaji da masu kyauta shi ne: duk na'urar da za ku ba makaranta, ku haɗa da batirin canji da caja, ku zuba darussan a ciki yadda za su yi aiki babu intanet, sannan ku ware kuɗi kaɗan a koya wa mai gyara ɗaya na garin. Mu malamai kuma mu daina kulle kaya a kabad don tsoron lalacewa. Ni dai na naɗa ɗalibai biyu masu kula da namu, su ke goge shi, su ke rubuta ranar da aka yi masa caji.