Zancen Kasuwa: Baƙar zuma da farar zuma

Da yawa cikinmu sun fara ɗaukar bashin asusu suna saro zuma daga Magarya, Madarunfa ko Gaya, su zuba a kwalabe su sayar. A kasuwa kuwa tambaya guda ce kullum: "Me ya sa wannan ta yi baƙi, waccan ta yi fari? Ko an haɗa ta da sukari ne?"

Ba dole ba ne. Ƙudan zuma abin da ya samu a fure shi yake kaiwa amya. Furen gawo, da ke fitowa bayan damina, ba ɗaya yake da na ɗorawa, kaɗanya ko magarya ba. Icce kuma daga ƙasa yake jawo gishirinsa, shi ya sa zumar jigawa da ta fadama ke bambanta ko da iccen iri ɗaya ne. Galibi zuma mai duhu ta fi fara yawan ma'adinai, kuma fotashiyam ne ya fi yawa a ciki, sai kalshiyam da ɗan ƙarfe.

To amma mu yi hankali. Tsohuwar saƙa, hayaƙi mai yawa lokacin cira, da dafa zuma a wuta duk suna baƙanta ta, ba tare da sun ƙara mata komai ba. Mu shinshina, mu ɗanɗana kafin mu biya. Mu kuma tambayi mai amya inda ya rataye ta: bakin babban titi ko kusa da gonar da ake fesa magani, ƙura da guba na bin ƙudan har gida. Gwangwani mai tsatsa ma yana ɓata zuma. Kwalba ko bidon mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi ba, shi ne wurinta.

Abin da ke damunmu shi ne masu tallar baƙar zuma da sunan maganin ƙarancin jini. A kilo guda, ma'adinan duka galibi ba su wuce giram 2 ba, ƙarfen ciki kuwa ɗan mitsitsi ne. Mai ciki kada ta aje ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ta wurin awo don ta sayi zumarmu. Wake, zogale da hanta sun fi ba ta. Jariri kuwa, ko baƙa ko fara, ba a lasa masa zuma sai ya cika shekara 1, saboda ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya kashewa tukuna. In kaka ta zo saye don jinjiri, mu gaya mata haka, ko da cinikin zai wuce mu.