Tafiyar N'Doram zuwa Monaco: wa ya ci riba?

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, gardama ta kaure a gaban shagona a kasuwar Dembe, kuma a kan abin da ya faru tun 1997. Maƙwabcina, wani dattijo ɗan asalin garin nan mai sayar da kayan gyaran babur, shi ya jawo ta. Ya ce babu kulob ɗin da ya taɓa yin asara irin ta Monaco ranar da ta ɗauki Japhet N'Doram. Ƙanena ya cafe, ya ce ai Nantes ce mai wayo, ta rabu da kaya kafin ya lalace. Yana faɗa yana kallona. Na san inda ya dosa, zan dawo kansa.

Ga waɗanda suka zo Chadi kwanan nan: N'Doram haifaffen Njamena ne, a 1966. Ya taka leda a Tourbillon ta garin nan, ya wuce Tonnerre ta Yawunde a Kamaru, kulob ɗin da George Weah ya bi kafin ya tafi Turai. A 1990 ya isa Nantes a Faransa, ya yi shekara bakwai, har magoya baya suka laƙaba masa sunan matsafi saboda yadda yake sarrafa ƙwallo. Da shi Nantes ta ɗauki kofin Faransa a 1995, kakar da sau ɗaya tak aka doke su a gasar. A 1996 suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Turai, Juventus ta fitar da su, amma sun ci ta 3 da 2 a gida, kuma ɗaya daga cikin ƙwallayen nasa ne. Kakarsa ta ƙarshe a can ya zura ƙwallo 21.

Sai ya koma Monaco a 1997. Rauni ya kama shi, a 1998 ya rataye takalmi. Shi ke nan labarin.

In aka tsaya nan, dattijo ya yi gaskiya. Amma ni ɗan kasuwa ne, kuma ban yarda a auna ciniki da abin da Allah kaɗai ya sani ranar da aka ƙulla shi ba. Mu koma ranar. Monaco ce ke riƙe da kofin Faransa, tana shirin shiga gasar Turai, kuma a wannan bazarar Sonny Anderson ya tafi Barcelona, Enzo Scifo ya koma Anderlecht, Emmanuel Petit ya nufi Arsenal. Gida ya yi giɓi. Ga mutum a gabanka da ya san gasar ƙasar kamar yunwar cikinsa, ya gama cin 21. Wa zai ce a'a? Ni da nake nan ba zan ce ba.

Inda nake ganin laifinsu guda ne: shekarunsa 31. Wanda ya sayi tsohuwar mota ya san ranar da ta tsaya babu mai saye a hannunsa. Ga shi kuma a cikin gida suna da Victor Ikpeba namu na Najeriya, wanda a shekarar nan aka zaɓa gwarzon Afirka, da wasu yara biyu 'yan shekara 19, Thierry Henry da David Trezeguet. Da su aka kai wasan kusa da na ƙarshe a Turai a 1998, bayan an fitar da Manchester United. Saboda haka hukuncina: Monaco ta yi asara, amma ba asarar wawa ba, kuma ba ta durƙusar da ita ba.

Ita Nantes fa? Nan ne muka fi ja da ƙanena. Wayon da yake faɗa ban gan shi ba. Tun 1995 suke zubar da mutanensu: Loko da Karembeu, sannan Ouédec da Pedros, sannan Makélélé da N'Doram a shekara guda. Daga ta uku a 1997 suka gangaro tsakiyar tebur. Ba su hango raunin ba, dace suka yi. Abin da ya cece su makarantar yaransu ce, wadda ta fitar da irin su mai tsaron gida Mickaël Landreau, har suka ɗauki kofin ƙalubale a 1999 da 2000, da kofin ƙasa a 2001.

Wani yaron shago ya tsoma baki da Ahmed Musa, kuma misalin ya yi. Leicester ta saye shi kimanin fam miliyan 16 a 2016, ƙwallo biyu ya ci musu a Firimiya, kowa ya ce an yi kuɗin banza. Ya ci Iceland biyu a kofin duniya na 2018, Al-Nassr ta Saudiyya ta zo da kuɗin da jaridu suka ce ya kusa cike abin da aka kashe. Wanda ya yanke hukunci a 2017 da wanda ya yanke a ƙarshen 2018, lissafinsu daban. Shi yana da shekara 25 a lokacin, kaya ne da ke da mai saye.

Yanzu ga abin da ƙanena yake nufi. Shekarun baya na sayar da rumfarmu ta Kusiri, tsallaken gada, lokacin da Hajiya ke kwance kuma kayanmu sun maƙale a hanya. Yau rumfar ta ninka kuɗinta, kuma duk sallah sai an tayar mini da maganar. Na ce masa ya lissafa har da maganin da aka saya, da shagon nan da muke zaune a gabansa, wanda da ragowar kuɗin aka kama shi. Ya ce da na jira wata shida. Na ce ko Monaco da ta san wata shida mai zuwa da ba ta sa hannu ba.

Bai amsa ba. Dattijo ya miƙe ya ce shi dai har gobe Nantes ta ci amanar ɗan garinsu, alhali da bakinsa ya fara da cewa Monaco ce aka cuta. Aka kira magariba, ƙanena ya ja ƙofar shago, kuɗin shayin kuma ni aka bar wa.