Kafin Sayen Gilashin Gyaran Wutsiya, a Nemo Ma'auni

Mai sha'awar ɗaukar hoton taurari ya kwana a tsakar gida cikin sanyi, ya saita na'urarsa ta hangen nesa a kan Kaza da 'Ya'yanta, kyamara tana ta tattara haske har asuba. Da ya buɗe hoton a kwamfuta, taurarin tsakiya sun fito tas, kamar an watsa gero a kan baƙin mayafi. Yana leƙa kusurwa kuwa sai gabansa ya faɗi: kowane tauraro ya yi jela, kansa na kallon tsakiya, wutsiyarsa ta bazu waje. Da yawa a nan suke yanke cewa an sayar musu da jabu.

Na'urar lafiyarta lau. Wannan ɗabi'a ce ta samfurin da Isaac Newton ya fara ƙerawa a 1668, wanda ke tara haske da madubi mai zurfin kwano. Irin madubin da ake sa masa a yau yana haɗa hasken da ya shigo ta tsakiya a ɗigo guda cif, amma wanda ya shigo a karkace sai ya tarwatse. Masana suna kiran lahanin koma, daga kalmar Girkanci mai nufin gashi, tushen da Turawa suka samo sunan tauraro mai wutsiya. Maganinsa wani ɗan bututu ne mai gilasai biyu zuwa huɗu da ake sa wa a gaban kyamara. Kuskuren da masu saye ke yawan yi shi ne zaɓensa da sunan kamfani ko da tsada, alhali abin da ya kamata ya yi musu jagora shi ne awo.

Awon farko shi ne lambar f, wato nisan da madubi ke tara haske idan an raba shi da faɗin madubin. Madubi mai faɗin milimita 200 da ke tara haske a milimita 800 shi ne f/4. Lissafin ba ya sassauci: idan lambar ta ragu da rabi, wutsiya tana ninkuwa sau huɗu. Mai f/8 da ƙaramar kyamara zai iya shekara bai ga matsala ba, mai f/5 zai ganta a gefe, mai f/4 kuwa tun kafin ya yi nisa da tsakiya za ta tare shi.

Manyan cibiyoyi ma sun sha wannan fama. Madubin Hale mai inci 200 da ke Dutsen Palomar a Amurka, wanda aka ƙaddamar a 1948, f/3.3 ne, kuma sai da masani Frank Ross ya tsara masa gilashin gyara kafin ya ba da hoto mai faɗi. George Ritchey da Henri Chrétien sun bi wata hanya, suka sauya siffar madubai biyu na na'urar har lahanin ya kau, tsarin da na'urar Hubble ta tashi da shi a 1990. Talaka mai Newton a bayan gida hanyar Ross ce ta rage masa.

A kasuwa, kowane gilashi da halinsa. Paracorr na kamfanin Tele Vue ya yi suna wajen fitar da taurari zagayayyu har bakin hoto, sai dai yana ƙara girma da kashi 15 cikin 100. Na'ura mai f/4 ta koma f/4.6 ke nan, milimita 800 ta zama 920, filin da ake gani ya ragu, lokacin ɗauka ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku. MPCC na kamfanin Baader da ke Jamus gajere ne, ba shi da nauyi, kuma ba ya sauya girma, abin da ya sa ya dace da masu f/5. Sky-Watcher na da wani mai rage girma zuwa 0.9, da kuma dogo mai gilasai huɗu da aka yi domin f/4. Wanda ya sa mai gilasai biyu a na'ura mai f/4 yakan gyara gefe amma ya ɗan kumbura taurarin tsakiya. Wanda ya sayi mafi tsada domin f/6 kuma ya zubar da kuɗin da ya kamata ya kai wani wuri.

Awo na biyu shi ne girman sensar kyamara. Ƙaramar da ake kira APS-C tana da kusan milimita 28 daga kusurwa zuwa kusurwa, babbar kuwa 43. Gilashin da ya wadatar da ta farko zai iya barin ta biyu da kusurwoyi masu duhu da taurari masu jela, musamman ta cikin maƙogwaron na'ura mai faɗin inci 2.

Na uku shi ne inda aka fi yin tuntuɓe: tazarar da ke tsakanin gilashin da sensa. Yawancinsu milimita 55 suke so, kuma wannan lamba tana da dalili. A kyamarar Canon mai bakin EF, daga baki zuwa sensa milimita 44 ne, zoben haɗi ya cike 11. A Nikon mai bakin F, 46.5 ne da 8.5. Mai kyamarar taurari ta musamman shi zai harhaɗa zobba da hannunsa, ya kuma tuna cewa matacin haske idan ya shiga tsakani yana ƙara tazarar da kusan sulusin kaurinsa. A f/4, kuskuren milimita ɗaya ya isa ya dawo da wutsiyar da aka biya kuɗi don a kore ta.

Hoton da kansa yana tona asirin inda laifi yake. Idan kusurwoyi huɗun sun lalace iri ɗaya, tazara ce ba ta cika ba ko ta wuce. Idan ɓangare ɗaya ne ya lalace, to madubai ba su daidaitu ba, ko nauyin kyamara ya sa mariƙinta ya langaɓe. Sabon gilashi ba zai warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, tunda ana iya datse gefen hoto, ko a bar wa manhaja irin BlurXTerminator ta zagaye taurarin. Ga mai ɗaukar wata ko duniyar Mushtari da ƙaramar sensa, gaskiyarsu ce, ba ya buƙatar gilashin sam. Amma mai farautar gajimaren taurari idan ya datse gefe, ya yar da rabin sensar da ya saya da tsada, kuma hasken ƙaramin tauraro da ya riga ya tarwatse cikin duhu, manhaja kintatarsa kawai za ta yi.

Saboda haka ya kamata masu sayar da Newton mai f/4 ko f/5 su daina nuna gilashin gyara a matsayin kayan ƙawa, su faɗi kuɗinsa tare da na na'urar tun farko. Mai saye kuma ya je da lambobi uku a rubuce: lambar f, faɗin sensa, da tazarar da kyamararsa ta bari. Sannan ya ware dare ɗaya cur yana ƙara siraran zobba na rabin milimita, yana ɗaukar hoto bayan kowanne yana duba kusurwoyi huɗu, kafin ya sake juya na'urar zuwa Kaza da 'Ya'yanta.