Yadi 440 Tsakaninmu da Talakawa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata hira da muka gaji da ji daga bakin baƙin Turawan da kamfanoni ke kawowa aiki a ƙasashenmu masu zafi. Hirar ba ta wuce abu biyu ba: daɗin shan iska da tsoron sauro. Ran Asabar a shiga jirgin ruwa daga Ikko a tafi gaɓar Tarkwa Bay, a yi iyo, a gasa kifi, a ɗau hotuna. Ran Litinin a aika wa gida labarin zafi da zazzaɓi, kai ka ce fagen fama aka tura mutum. Kamfani kuwa ya biya shi alawus na shan wahala saboda ya zauna inda aka haife mu.

Ba mu ƙi baƙo ba, baƙo raɓa ne. Ba mu kuma ce tsoronsa na banza ba ne, gama zazzaɓin cizon sauro yana iya kashe wanda jikinsa bai saba da shi ba cikin 'yan kwanaki. Abin da muka ƙi shi ne tsarin da aka gina a kan wannan tsoro, wanda mu ne yanzu ake shiryawa mu gada.

A 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa su hau kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 daga cikinsu. A 1854 Dakta Baikie ya hau Kwara da Binuwai yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya komo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Wato kwinin ya share wa bindiga hanya. A 1897 Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. To, sai ga hanya biyu a gaban 'yan mulkin mallaka: ko dai su yaƙi sauro don kowa ya huta, ko kuwa su guje wa mutanen da sauro ke cizo. Suka fi karkata ga ta biyu, don ta fi arha. Likitocinsu suka ce jinin yaran baƙar fata shi ne rumbun cutar, saboda haka Bature ya kwana nesa da su. A Saliyo aka gina musu unguwa bisa tudun da ke bayan Firitawun, har da 'yar hanyar jirgin ƙasa mai kai su ofis da safe. A Nijeriya, zamanin Gwamna Lugga, aka kafa dokar birane ta 1917, aka kuma ƙa'ide fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Haka aka yi Ikoyi, haka aka yi Nassarawa ta Kano.

Abin dariya, sauro bai san awon yadi ba, yana iya tashin da ya fi haka. Bature kuma ba ya iya kwana ba kuku, ba boyi, don haka aka gina musu ɗakuna a bayan gida. Ashe jininmu ba ya da haɗari in mun zo dafa abinci da wanki, sai in mun zo maƙwabtaka!

Turawan mulki sun tafi a 1960, amma filin nan bai tafi ba. An dai sake wa unguwar suna, manyan ma'aikatanmu suka tare. A can akwai magudanar ruwa, da waya a taga, da feshi, da likita a kusa. A cikin birni da ƙauye kuwa sai kududdufai da kwatami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan zazzaɓi ya kashe mutum wajen 597,000 a duniya a 2023, kusan kashi 3 cikin 10 a Nijeriya kaɗai, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Baƙo ya sha ƙwayarsa ta rigakafi, in abin ya yi tsanani a ɗauke shi a jirgin sama. Uwar da ke ƙauye kuwa sai ta goya ɗanta yana suma ta nufi asibitin da watakila ba magani.

Kada wani ya ce mana jahilci ne ya hana. Daga 1969 zuwa 1976 an gudanar da babban bincike a Garki, wadda ke Jihar Jigawa yanzu, aka yi feshi a gidaje, aka raba magani. Cutar ta ragu ƙwarai, da aka janye hannu ta komo. Darasin a fili yake: aikin na kullum ne, kuma yana cin kuɗi. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Ko ita gaɓar Tarkwa Bay ɗin, a Janairun 2020 sojan ruwa sun kori dubban talakawan da ke zaune a can da hujjar fasa bututun mai. Rairayi ya saura ga masu shan iska.

Yanzu sai mu dubi kanmu. Wa ke cikinmu bai taɓa mafarkin gidan gwamnati mai lambu da ɗakin boyi ba? Da harajin manomi aka ilimantar da mu, amma burin da yawanmu shi ne mu sami takardar da za ta tsallakar da mu yadi 440 ɗin nan, mu zama baƙi a ƙasar haihuwarmu. Gobe mu ne za mu riƙe fayil, mu rubuta kasafi, mu sa hannu a kwangilar gidan sauro da ta magani.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta nemi kowace jiha ta bayyana abin da ta kashe a kan wannan cuta, sisi da kwabo. Rigakafin yara da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 ya isa kowane ƙauye. A yashe magudanan Fagge da Tudun Wada kamar yadda ake yashe na unguwar manya. Wanda kuma ya karkatar da maganin talaka zuwa kasuwa, mu faɗi sunansa ko da abokin karatunmu ne. In mun yi shiru, to, Lugga bai yi asarar awonsa ba: ya sami magada.