Dabarun Karkara: Ƙafa Uku Da Kura Wajen Loda Inji Cikin Kwantena

Daga Filinge har ƙauyukan Kurfai irin su Shikal da Luma, injin niƙa da janareto da injin ban ruwa sun yawaita. Ranar da za a kai ɗayansu gyara Yamai, ko a sa shi cikin kwantena bisa kamiyo, sai a tara samari goma, kowa ya kama gefe. Inji mai kilo 400 in ya kuɓuce, ƙafar mutum yake samu, kuma manomin da ya karye gab da damina ya yi asarar shekara.

Dabarar da za ta hana wannan tsohuwa ce a ƙasar nan. Dattawan da suka ga ma'aikatan OFEDES suna gina rijiyoyin siminti a shekarun 1970 sun san ƙafa uku: ƙarafa uku da aka haɗa kawunansu sama, aka rataya kura a tsakiya, ana saukar da zoben siminti cikin rami.

A nemi bututun ƙarfe uku masu kauri, kowane metir 5, faɗinsa santimetir 8 zuwa 10, wanda bai lanƙwashe ba, tsatsa ba ta ci shi ba. Mai walda ya huda kawunansu ya haɗa su da ƙusa mai kauri, ya sa ƙugiya. A buɗe ƙafafun, metir 3 tsakanin kowace da ƴar uwarta, tsayin zai wuce metir 4 da rabi. Ƙasar Dallol rairayi ce, ƙafa tana nutsewa, don haka a aza kowace bisa guntun katako, sannan a ɗaure gindin ukun da sarƙa guda kada su baje. Wannan sarƙa ita ce mutane suka fi mantawa.

Kurar rijiya guda ɗaya ba ta rage nauyi, juya hannun ja kawai take yi. In aka sa kura biyu sama, biyu ƙasa, igiya ta zagaya har zare huɗu suka riƙe kayan, kilo 400 ya koma kamar kilo 100 a hannu. Da gogayyar igiya zai kai wajen 130, aikin maza biyar ba tare da nishi ba. Ladan wannan sauƙi shi ne tsawon igiya: don a ɗaga inji metir ɗaya da rabi, sai an ja metir 6. Mai palan, wato sarƙar ɗaga kaya ta makanikai, ya huta da wannan lissafi, ga shi tana riƙe kaya ko an sake ta. Igiyar roba da ta shekara a rana kuwa, ko da ta yi kyau a ido, a bar wa jaki ita.

Babban kuskure yana zuwa bayan an ɗaga. Ƙafa uku sama da ƙasa kawai ta sani. Kwantena kuma tana da rufi, ƙofarta tsayin metir 2 da santimetir 28 ce, ba yadda za a yi ƙugiya ta shiga ciki. Sai wasu su ce a tura injin yana lilo har ya kai bakin ƙofa. Da zarar nauyi ya fita daga tsakiyar ƙafafun, ƙafar baya ta tashi, komai ya kife kan masu turawa. Haka ma masu jan igiya, su ja ta ƙasa kusa da gindi, kada su yi nisa da ita gefe.

Ga yadda ya kamata. A kafa ƙafa uku bayan kamiyo, ƙafafu biyu suna duban ƙofa. A toshe tayoyin mota da duwatsu. A fara ɗaga injin taƙi ɗaya, a dakata a duba ƙugiya da ƙulli da katakan ƙasa. In ba abin da ya motsa, a ci gaba har ya wuce daɓen kwantena kaɗan. Sannan a tura dakalin da aka shirya, na buhunan rairayi ko itace mai ƙarfi, a shimfiɗa katakai masu kauri daga kansa zuwa bakin ƙofa. Masu yin wannan su yi aiki daga gefe da sanduna, kada kowa ya sa kai ko hannu ƙarƙashin inji. A sauke shi bisa guntayen bututu uku ko huɗu, a kwance ƙugiya, a gangara shi ciki da sandar ƙarfe, ana ɗauko bututun baya ana mai da shi gaba.

Mutum ɗaya ne zai ba da umurni, sauran su yi shiru. Yara kuwa, da ba su rasa wurin kallo, a kore su nesa da tsawon ƙarafan.

Cikin kwantena a ajiye injin tsakiya, a cire bututun ƙarƙashinsa, a tsiyaye mai da ruwan da ke ciki. Akwai zobban ƙarfe a gefen daɓe, a ɗaure shi da su ta kusurwa huɗu, a buga katako gaba da baya. Daga Filinge zuwa Yamai ta Baleyara wajen kilometir 180 ne, ban da hanyar ƙauye mai rairayi da ramuka. Direba ya tsaya bayan kilometir 10 na farko ya sake ƙarfafa ɗaurin.