Haƙƙin Fararen Hula Bayan Yaƙin Nukiliya: Kira Daga Ringim

Malam Edita,

Ana neman fili a wannan jarida domin jawo hankalin hukumomi ga wani al'amari da mutanen Jigawa ke gani kamar ya yi musu nisa, wato kariyar da dokokin duniya suka tanadar wa fararen hula da suka tsira bayan an yi amfani da makamin nukiliya, wanda ake kira makamin ƙare-dangi. Tarihi ya nuna cewa batun bai taɓa yin nisa da ƙasar Hausa ba, domin a ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta fara gwajin wannan makami a Reggane cikin hamadar Aljeriya, kuma da ta ci gaba duk da ƙorafin ƙasashen Afirka, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairun 1961. Damuwar a lokacin ita ce iskar hunturu, wadda ke kwaso ƙurar Sahara ta sauke ta a kan gonaki da rijiyoyi da rumbuna, tana iya kwaso burɓushin nukiliya, wato ƙurar da ke ɗauke da tiriri mai haddasa cutar daji shekaru bayan fashewar.

Yarjejeniya ta huɗu ta Geneva ta 1949 da ƙarin da aka yi mata a 1977 sun haramta kai hari kan fararen hula, sai dai ƙarfinsu ya fi karkata ga lokacin da ake gwabzawa, ba su yi cikakken tanadi ga mai fama da ciwon tiriri shekara talatin bayan an ajiye makamai ba. Waɗanda suka tsira a Hiroshima, inda kimanin mutum 140,000 suka mutu kafin ƙarshen 1945, sai a 1957 suka samu dokar kula da lafiyarsu daga gwamnatin Japan.

Wannan giɓi ne Yarjejeniyar Haramta Makaman Nukiliya ta 2017 ta yi ƙoƙarin cikewa, inda sashe na 6 ya wajabta ba waɗanda abin ya shafa magani da gyaran jiki da tallafin rayuwa tare da tsabtace ƙasar da ta gurɓata, sashe na 7 kuma ya nemi ƙasashe su taimaki juna. Najeriya ta amince da ita a ranar 6 ga Agusta, 2020, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a Janairun 2021. Matsalar ita ce, nauyin farko yana wuyan ƙasar da abin ya faɗa wa, alhali babu ko ɗaya daga cikin ƙasashen da suka mallaki makamin da ta sa hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Girman wannan nauyi ba ɓoyayye ba ne ga mutanen masarautar Ringim. Fashewar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024 ta hallaka mutum sama da 150, aka riƙa jigilar masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano, ana neman gado da jini da ƙarin ruwa. Idan mota guda ta jawo haka, kowa zai iya auna abin da dubban masu ƙuna za su buƙata a rana ɗaya. Haka nan wani bincike da mujallar Nature Food ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa hayaƙin yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Rasha zai tare hasken rana har yunwa ta kashe mutum sama da biliyan 5, kuma manomin gero da shinkafa a bakin kogin Haɗeja yana cikin wannan lissafi.

Saboda haka ya kamata Najeriya ta tsaya tsayin daka wajen ganin an kafa asusun duniya na tallafa wa waɗanda makamin ya shafa, wanda ƙasashen yarjejeniyar ke tattaunawa a kai, ta kuma nemi masu makamin su zuba kuɗi a ciki. Wakilan Jigawa a Majalisar Tarayya su nemi a mayar da sashe na 6 dokar ƙasa, gwamnatin jiha kuma ta ƙarfafa sassan kula da masu ƙuna da rumbunan ajiyar hatsi, domin amfaninsu zai bayyana a duk wata gobara ko ambaliya tun kafin a zo ga maganar yaƙi. Allah Ya kiyaye mu, amin.

Wassalam.

Daga wani mai karatu,
Ringim, Jihar Jigawa.